Zan sayi tsohon babur ƙirar shekarun 1970: me zan duba kafin in biya?

Tambaya: Na ga wani tsohon babur ana sayarwa, ƙirar shekarun 1970, irin waɗanda masu sha'awa ke nema su ajiye. Fentinsa sai sheƙi yake, mita ta nuna bai yi tafiya mai yawa ba, mai shi kuma ya ce ba a taɓa buɗe injin ba. Ta yaya zan tabbatar da asalinsa, in kuma san ba zai riƙa ajiye ni a hanya ba?

Amsa: Malam, abubuwa ukun da ka lissafa, fenti da mita da maganar mai babur, su ne mafi ƙarancin nauyi a cikin duk abin da za ka auna. Fenti aikin kwana kaɗan ne, mita ana canza ta da sifana ɗaya, magana kuwa ba ta da tsada. Ka fara da lamba da takarda, ka koma kan firam, sannan inji da wuta. Dalilin wannan jeri shi ne inji ko ya mutu murus kuɗi da kayan gyara za su tashe shi, amma lambar da aka kankare babu bakaniken da zai dawo maka da ita, kuma firam ɗin da ya taɓa lanƙwashewa da wuya ya koma daidai. Ba a cinikin biri a sama: kada ka biya ko da kafin alƙalami ne a kan hoto ko bidiyo. Ka je da rana, da tocila, da ƙaramin maganaɗisu, da tsumma, da mitar auna wuta, da ma'aunin kwamfireshan, da zare mai tsawo, in da hali kuma da wanda ya san wannan samfurin.

Lambar firam a yawancin babura tana wuya, wato bututun da kan babur yake juyawa a cikinsa. Ta inji tana jikin kwandon injin, ko dai ƙarƙashin silinda ko a saman gidan giya. Ka goge su, ka haska tocila ta gefe don inuwa ta fito da zurfin kowane alƙalami, ka ɗauki hoto, sannan ka karanta su ɗaya bayan ɗaya kana haɗawa da abin da ke takarda. Tsarin lamba mai harufa da alƙaluma 17 da ka saba gani ya zama dole ne a Amurka daga ƙirar 1981, daga nan ya bazu. A wannan tsari ba a amfani da harufan I da O da Q, kuma a baburan kasuwar Amurka gurbi na goma shi ke nuna shekara: B na nufin 1981, C na nufin 1982. Babur na shekarun 1970 ba shi da wannan. Kowane kamfani da nasa salon, shi ya sa dole ka san salon samfurin da kake nema tun kafin ka bar gida.

A nan mutane da yawa suke ruɗewa. A Triumph da Norton na wancan zamani, da BMW na shekarun 1970, lambar firam da ta inji iri ɗaya ce daga masana'anta. Idan suka bambanta, an canza inji ko an canza firam, kuma darajar babur ta ragu ko da yana tafiya lafiya. A Honda da sauran yawancin na Japan ba haka ba ne. CB750 yana da CB750 a gaban lambar firam, da CB750E a gaban ta inji, alƙaluman suna kusa da juna amma ba sa zama ɗaya. Idan ka ga Honda irin wannan da lambobi sak iri ɗaya, sai ka ƙara sa ido. Harley-Davidson kafin 1970 ba ya buga lambar shaida a firam ko kaɗan, a gefen hagu na inji take, don haka wanda ya mallaki injin shi ya mallaki takardar. Triumph daga 1969 ya fara sa harufa biyu a gaban lamba, na farko wata, na biyu shekara: C ta 1969, D ta 1970, E ta 1971, G ta 1972, H ta 1973. A daidai lokacin kuma ya riƙa buga ƙananan tambarinsa a kan ɗan dandamalin da lambar inji ke zaune, domin duk wanda ya goge wurin ya sake bugawa asirinsa ya tonu. Idan ka samu dandamalin sumul babu tambarin a injin da ake cewa na 1970 ne, maganar ta ƙare.

Alamun an taɓa lamba ba su da wuyar ganewa ga mai haƙuri. Wurin yakan yi ƙasa da sauran ƙarfen saboda an ci shi da magagari, ko ka ga layukan gogewa, ko fenti ya yi kauri a daidai nan kaɗai, ko siffar wani alƙalami ta bambanta da 'yan'uwansa. Amma ka lura, masana'antun Ingila da hannu suke bugawa, don haka ɗan karkacewa kaɗai ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne siffar alƙaluman ta yi daidai da ta wasu baburan wannan shekarar, kuma hotunansu suna nan birjik a wajen ƙungiyoyin masu samfurin. Yawan darajar samfuri, yawan masu yi masa jabu. CB750 na farko-farkon 1969, da Kawasaki Z1 na farko, da Triumph Bonneville na 1959, duk ana haɗa su daga gutsattsarin wasu shekaru a sayar da sunan na asali.

Takarda kuma ka karanta ta kamar ba ka yarda da kowa ba. Sunan da ke jiki ya zama na mutumin da ke gabanka, ya nuna maka katin shaidarsa, cinikin kuma a yi shi a gidansa ko garejinsa, ba a bakin titi ba. Idan ya ce na ɗan'uwansa ne ko na gado ne, to a kawo mai shi ko takardar da ta ba shi ikon sayarwa. Ka kai lambobin biyu ofishin rajistar ababen hawa ko wajen 'yan sanda a duba ko an taɓa kai rahoton sata, ka kuma bincika ko an jinginar da babur ɗin a kan bashi. Yawancin shafukan intanet masu binciken tarihin abin hawa lamba mai gurbi 17 kawai suke karɓa, saboda haka idan suka ce ba su ga komai ba a kan babur na 1974, wannan ba wanke shi suka yi ba. Babur da aka shigo da shi daga wata ƙasa yana buƙatar takardar kwastan da ke ɗauke da lambar firam ɗinsa. Wanda ba shi da takarda ko ɗaya, shawararmu ka ɗauke shi a matsayin tarin kayan gyara, ka biya kuɗin da ya dace da haka, ko ka haƙura.

Akwai hanyar da ta fi takardar gwamnati zurfi, kuma mutane ba su cika bin ta ba. Littattafan fitar da kaya na masana'antu da dama suna nan. Ƙungiyar Vintage Motor Cycle Club ta Ingila, wadda aka kafa a 1946, tana riƙe da na Triumph da BSA da wasu, ƙungiyar masu Norton tana da nata bayanan, sashen BMW Group Classic kuma yana ba da takardar shaidar ƙira. Ka tura lamba, su gaya maka ranar da babur ya fita da samfurinsa da inda aka aika shi. A Birtaniya ana iya ganin tarihin gwajin MOT, wato gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, a intanet tun daga 2005 tare da abin da mita ta nuna kowace shekara, sai dai tun 2018 an ɗauke wa ababen hawan da suka haura shekara 40 wajibcin wannan gwaji, don haka giɓi a 'yan shekarun nan ba abin zargi ba ne. Bayan wannan, tarihi na gaskiya yana cikin rasit. Jakar tsofaffin rasit na fistin da boris da aikin injiniya, masu kwanan wata da sunan wanda ya yi aikin, ta fi kowace rantsuwa. Ka tambayi mai shi yaushe ya saya, daga wa, wane baƙin mai yake zubawa, yaushe aka gyara bawul na ƙarshe, me ya sa zai sayar. Wanda ya riƙe babur da gaske amsar tana bakinsa, har ma zai gaya maka laifinsa tun ba ka tambaya ba.

Mitar wancan zamani gurbi biyar gare ta, tana kaiwa 99,999 ta koma sifili, kuma wayarta na iya tsinkewa a yi shekaru ana hawa. Ka bar ta, ka dubi abin da ba ya ƙarya: robar matakin ƙafa, da ta kiki, da ta liba ta giya, da ramin da libar kuloci ke juyawa a kai, da yadda makulli ke rawa a gidansa. Mita ta ce 9,000 amma matakin ƙafa ya cinye har ƙarfe ya fito, ka san wanda za ka yarda da shi. Idan kuwa duk robobin sababbi ne fil, to shaidar ce aka share, sai ka koma kan rasit.

Yanzu firam. Ka juya kan babur hagu da dama har ƙarshe, ka dubi 'yan ƙarafan da ke tare shi a wuya. Idan sun lotsa, ko sun karye, ko an yi musu walda, babur ya taɓa cin ƙasa da ƙarfi. Ka dubi tanki ko akwai lotsawa a inda hannu zai buge shi. Ka haska bayan wuya da ƙarƙashinsa: fentin da ya tsattsage ko ya yi ƙunci-ƙunci a nan yana nuna ƙarfen ya motsa. A cire tanki da kujera da murafun gefe, mintoci kaɗan ne, kuma mai sayarwa na kirki ba zai hana ba. Ka nemi waldar da ba ta yi kama da sauran ba, da wurin da aka yanke bayan firam don canza fasali, da tsatsa a ƙananan bututu inda ruwa ke kwanciya, da gindin jaki. Tsatsar sama ba komai ba ce. Wadda ta kumbura fenti ko ta ɓula ita ce matsala, don bututu daga ciki yake ruɓewa. Samfura da dama na Triumph da BSA daga 1971 suna ajiye baƙin mai a cikin babban bututun firam, saboda haka danshin mai a ƙasan wannan bututu yana iya zama tsagewa. Norton Commando na farko, na 1968, firam ɗinsa yakan tsage kusa da wuya, har sai da kamfanin ya ƙara bututu a ƙarƙashin na sama. Ka tabbatar wanda ke gabanka yana da shi.

Zaren da ka zo da shi na auna saitin ƙafafu ne. Ka tsayar da babur a miƙe, ka zagaya zaren ta bayan tayar baya, ka ja shi gaba ta gefe biyu yana ɗan taɓa gaba da bayan tayar bayan. Tazarar da ke tsakanin zaren da tayar gaba ta zama ɗaya hagu da dama. Idan ta bambanta, ka fara duba ko an ɗaure ƙafar baya a karkace, in an daidaita ta bambancin bai tafi ba, firam ko shakazoba ta gaba sun lanƙwashe. Ka ɗaga ƙafar gaba sama ka juya kai a hankali: idan yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya yi rami. Ka kama ƙafar baya ka girgiza ta gefe da gefe, kada ka ji motsi. Ka shafa bututun shakazoba ta gaba a inda yake shiga da fita. Ƙananan ramukan tsatsa a nan za su riƙa yaga roba duk lokacin da aka sa sabuwa. Wayoyin wili ka bi su da sifana kana ƙwanƙwasawa, mai ƙarfi tana ƙara siririya, sakakkiya tana amsawa a dushe.

Kafin ka zo, ka roƙi mai shi kada ya tayar da injin. Da isarka ka taɓa silinda da bakin salansa. Idan da ɗumi, an riga ka, kuma abin da ake ɓoyewa yawanci wuyar tashi ne ko hayaƙi ko ƙarar da ke ɓacewa in inji ya yi zafi. Ka sake sa rana. Inji mai lafiya yana tashi da cok a bugu kaɗan, ya zauna a silo bayan 'yan mintoci ba tare da an riƙe totur ba. Ka tsaya a baya ka kalli hayaƙi. Shuɗi a farkon tashi da ke ɗaukewa daga baya mai ne ke zurarowa ta bututun bawul. Shuɗi idan an murɗa totur ringi ne ko silinda ta cinye. Baƙi fetur ne ya yi yawa, aikin kafireto. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa a babur mai lagireto, ruwa ne ke shiga ɗakin wuta. A inji mai silinda da yawa, ka kusantar da hannu ga kowane bututun salansa a minti na farko, ko ka yayyafa ruwa: wanda ya yi sanyi silindarsa ba ta aiki.

Ƙara ma kala-kala ce. Ɗan ƙas-ƙas daga sama yawanci tazarar bawul ce, kuma tsohon injin da ya yi tsit gaba ɗaya a sama ya fi ba mu tsoro, don bawul ɗin da ya matse shi ke ƙonewa. Karkaɗa daga tsakiya da ke canzawa da totur taimin cen ce. Bugu mai nauyi daga ƙasa da ke ƙaruwa in an ɗora wa inji nauyi boris ɗin karanshaf ne, wannan kuwa sai an raba inji biyu. A Honda mai silinda huɗu, gurnani a silo da ke raguwa in ka matse kuloci sau da yawa rashin saitin kafireto huɗun ne kawai.

Gwajin kwamfireshan shi ne abin da ya fi kowane gaya maka gaskiyar cikin inji ba tare da ka buɗe ba. A yi shi inji da ɗumi, an cire duk fulogi, totur a buɗe har ƙarshe, ana bugawa har allura ta daina hawa. Yawancin injuna masu bawul na shekarun 1970 suna ba da tsakanin 130 da 170 psi, wato ma'aunin matsin iska. Ka duba littafin samfurin don ainihin adadin. Ƙasa da 100 aiki ne ke jiranka. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne kada bambancin silinda da silinda ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Idan ɗaya ta yi ƙasa, ka zuba ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake: in ta hau sosai ringi ne, in ba ta motsa ba bawul ne ko gasket ɗin kai. Mai na'urar hura iska cikin silinda zai ƙara maka bayani: zubar iska ƙasa da kashi 10 lafiya ce, sama da 20 matsala, kuma kunne zai gaya maka ta inda take fita, salansa ko kafireto ko ramin zuba mai. Tunda fulogi suna hannunka, ka dube su. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so. Baƙi mai maiƙo mai ne, fari fat kuwa inji na shan iska fiye da kima yana zafi.

Ka zaro ma'aunin mai ka shafa a farin tsumma a rana. Ƙyalƙyalin ƙarfe, ko launin madara, ko warin fetur, kowanne labari ne mara daɗi. Batun "ba a taɓa buɗe shi ba" kuma kawunan notuna za su ba ka amsa. Sukurorin baburan Japan ƙirar JIS ne, sun yi kama da Phillips, wato sukurori masu kan gicciye da aka saba gani, amma ba ɗaya ba ne, duk wanda ya kwance su da sukundireba mara dacewa sai ya cinye kansu. Tsofaffin na Ingila notunansu na ma'aunin Whitworth ne, sifanar milimita tana ɓata kusurwarsu. Gam mai launi da ya bultso daga mahaɗin inji shaida ce an buɗe, kuma wanda ya buɗe ya cika hannu. Guntun gam ɗin nan yakan toshe hanyar mai. Sannan ko da maganar gaskiya ce, ba abin alfahari ba ce sosai. Robobin cikin injin da ya shekara 50 sun bushe. A tagwayen Triumph da BSA akwai wani rami a cikin karanshaf da ke tara dattin mai. Idan ya cika, mai ya daina isa boris, kuma ba a wanke shi sai an wargaza injin. A irin waɗannan, rasit ɗin da ke nuna an buɗe an wanke ya fi mana "ba a taɓa ba" daraja nesa ba kusa ba.

Kowane samfuri da ciwonsa, kuma sanin ciwon kafin ka je shi ne rabin binciken. Baburan Ingila masu tankin mai daban, ka buɗe murfin tankin bayan an tayar ka ga mai yana dawowa. In bai dawo ba cikin minti ɗaya, a kashe. Idan sun daɗe a ajiye man yakan gangara cikin inji, tanki ya yi kamar babu komai, a tashi kuma ya yi hayaƙi. Commando mai injin Combat na 1972 ya yi suna wajen cin boris ɗin karanshaf, maganinsa boris ɗin da ake kira Superblend, sai ka tambaya ko an sa. Robobin Isolastic da ke riƙe injinsa suna son tazarar kusan milimita 0.25, in ta yi yawa babur yana rawa a kwana. BMW mai silinda biyu a kwance, ka tambayi yaushe aka shafa giris a haƙoran sandar da ke shiga kuloci, a kuma duba haƙoran da ke juya ƙafar baya, don gyaransu da tsada; na 1981 zuwa 1984 an san su da matsalar mazaunin bawul. Ƙananan Honda irin su CB125 da CB360, kamshaf yana juyawa ne kai tsaye a kan alminiyam ɗin kan silinda, in an yi sakaci da canjin mai sai kan gaba ɗaya ya tashi aiki. Wannan sakaci na masu hawa ne ya sa Honda ya fito da CG125 a 1975 da tsarin da ya fi jure wahala. Honda CX500 yana da abu uku da ba a kaiwa gare su sai an sauke inji: kwayil ɗin caji, da robar famfon ruwa, da taimin cen. Suzuki GS injinsa ƙarfe ne, amma cajinsa yakan ba da kunya.

Injin da ke ƙona fetur haɗe da mai, irin Yamaha RD350 da Kawasaki H1 da Suzuki GT750, hayaƙi ɗabi'arsa ce, don haka ba a yi masa hukunci da shi. Abin tsoro a nan robobin gefen karanshaf ne. Idan suka bushe, inji yana zuƙar iska ta inda bai kamata ba, cakuɗin ya yi ƙarancin fetur, zafi ya hau, fistin ya ɓule ko ya kama. Alamarsa inji ya ƙi saukowa silo bayan an saki totur, ko man gidan giya ya riƙa raguwa. Ana gwadawa da toshe mashiga da mafita a hura iska kamar 6 psi a ga ko za ta tsaya na mintoci. Ka tambaya kuma ko famfon mai yana aiki. Wasu sukan cire shi su riƙa haɗa mai a tanki, a Suzuki mai tsarin CCI kuwa famfon ne ke kai mai wasu boris kai tsaye, cire shi haɗari ne.

Abin da ya fi ajiye mai tsohon babur a hanya ba fistin ba ne, wuta ce da dattin fetur. Ka sa mita a batir: mai bolt 12 ya nuna kusan 12.6 a kashe, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji ya kai juyi 3,000 zuwa 4,000 a minti, fitila a kunne. In bai hau ba babu caji, in ya wuce 15 yana dafa batir. Sabon batir a babur ɗin sayarwa yakan rufe wannan matsala na kwana biyu. A BMW, fitilar caji dole ta kama in an murɗa makulli, don ta cikinta wutar farko ke bi. In ba ta kama ba, kada ka ɗauka alheri ne. Yawancin na Ingila na wancan lokaci waya mai alamar tarawa ce ke haɗe da jiki, akasin abin da aka saba, kuma wanda bai sani ba yakan ƙona kaya. Ka leƙa cikin kwanon fitila da ƙarƙashin kujera: wayoyi masu launin asali da mahaɗai tsaf alama ce mai kyau, tulin salatif da wayoyin da aka murɗe da hannu, ko fiyus da aka maye da guntun waya, suna nufin sabon wayarin gaba ɗaya. Idan an canza kwantak zuwa na lantarki, mu a wajenmu ƙari ne, ba ragi ba.

Tanki ka haska cikinsa. Tsatsa za ta toshe kafireto komai yawan wankinka, kuma tsohon shafen da aka yi wa ciki in ya fara ɓarewa ya fi tsatsar wahala. Warin fetur mai kama da na fenti yana nuna ya shekara a ciki. Ka bi ƙasan tankin da yatsa ta gefen ɗinki, nan yake fara ɓulewa, ka kuma bi jikinsa da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa an cike lotsawa da fila. Fetur mai haɗin etanol yana narkar da tankin faiba da tsofaffin tiyo.

Taya kada zanenta ya ruɗe ka. A ƙarshen lambar da ke gefen taya, wadda ta fara da harufan DOT, akwai alƙaluma huɗu, mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In uku ne kawai, an yi ta kafin 2000. Wadda ta haura shekara shida zuwa goma a canza ta. Birkin ganga da ya daɗe, fatarsa takan ɓalle daga takalmin ta kulle ƙafa ana cikin tafiya, don haka a sa sabo, kuma kada a hure ƙurarsa da baki ko iska, tana iya ƙunsar asbestos. Birki mai faifai, ka duba kaurin da aka rubuta a jikinsa, ruwan birki kuma ana canza shi duk shekara biyu. Sarƙa ka ja ta daga bayan faifan haƙora. In rabin haƙori ya bayyana, ita da faifan biyu sun gama.

Idan birki da taya sun ba da dama, ka hau na aƙalla minti 20, don wasu laifukan sai da zafi suke fitowa. Ka bi kowace giya, ka murɗa totur sosai a ta biyu ka ga ko za ta fita da kanta, don wannan gyaran cikin inji ne. A giya ta sama da ƙaramin gudu ka buɗe totur: in ƙarar inji ta hau gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Ka sassauta riƙo a miƙaƙƙiyar hanya ka ji ko yana ja gefe. Ka tuna na Ingila kafin 1975 giyarsu a ƙafar dama take, birki a hagu. Da ka dawo, ka kashe, ka jira minti biyar, ka sake tayarwa. Kwayil mai rauni a nan yake nuna hali. Sannan ka duba ƙasa ka ga abin da ya ɗiga.

Idan za mu zaɓa maka, babur mai ɗan dusashen fenti da ake hawa kowane mako, mai jakar rasit, ya fi wanda aka yi wa kwalliya don sayarwa, ya kuma fi wanda aka tono daga ɗaki bayan shekara 20. Wanda aka ajiye ɗin nan, ko mitarsa gaskiya ce, ka sa a lissafi taya da batir da birki da tiyo da robobin shakazoba da wankin tanki da kafireto tun kafin ka san halin injin. Wanda aka sabunta kuma, ka nemi hotunan aikin da sunan wanda ya yi injin. In babu, fenti ka saya. Ka lissafa abin da ya ɓace ma, domin salansa ta asali ta bututu huɗu, da murafun gefe, da gidan matatar iska, da tambarin tanki sun fi fistin da ringi wuyar samu. CB750 da Bonneville da Commando da BMW kusan komai nasu ana ƙera sabo har yau. Samfurin da aka yi na shekara biyu aka daina, ƙaramin abu zai iya zaunar da shi wata da watanni.

Duk laifin da ka gani ka rubuta shi da kuɗin gyaransa daga bakin bakanike, ka cire daga farashin irinsa mai lafiya, ka ƙara wani kaso na abin da ba ka gani ba, da wannan takardar za ka yi ciniki. In kun daidaita, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da suna da adireshin ku biyu, da kwanan wata, da samfuri, da lambar firam da ta inji, da abin da mita ta nuna, da kuɗin da aka biya, da sa hannun shaidu. Ka karɓi takardun asali da makullai da rasit da duk tsofaffin kayan da aka cire a rana ɗaya da biyan kuɗin, ka sauya sunan mallaka ba tare da jinkiri ba. Kafin doguwar tafiya ta farko a juye mai a duba abin da ya fito a matata, a saita bawul da taimin, a kuma bi duk notunan ƙafafu da birki da na riƙe inji da sifana.